Kafin a Yi wa Kwamfutarku Formate: Abin da Ya Kamata Ku Sani

"Sai an yi mata formate." Duk wanda ya taɓa kai kwamfuta wurin gyara a Tasawa ko Mayahi ya ji wannan magana. In na'ura ta yi nauyi ita ake faɗa, in ta ƙi tashi ita ake faɗa, in bairos ya cika ta ma ita ce. Sau da yawa kuma mai gyaran yana da gaskiya, domin sake ɗora Windows daga tushe ya fi bin matsaloli ɗaya bayan ɗaya sauƙi da arha. Sai dai mai kwamfutar yakan ce "to, a yi" bai san ainihin abin da ya amince a yi ba. Ayyuka uku ne ake cusawa a baki ɗaya: sake ɗora babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, sake rubuta tsarin fayil na wani ɓangare na diski, da sake raba diskin gaba ɗayansa. Na farko ba lalle ne ya taɓa kayanku ba. Na biyu yana share ɓangare guda. Na uku ba ya barin komai.

Maganar ta ƙara muhimmanci a ƴan shekarun nan. Galibin kwamfutocin da ke hannun malaman makaranta, ma'aikatan ofisoshin magajin gari, masu shagon buga takardu da ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi na hannu ne, HP ko Dell ko Lenovo, ƴan Kwatano ko waɗanda aka shigo da su daga Kano ta Jibiya da Ɗan Isa. Da Windows 7 ko Windows 10 suka zo. Kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, wa'adin Windows 10 kuma ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025. Saboda haka na'urori da dama za su koma teburin mai gyara, ko da lafiyarsu lau, don a sauya musu manhaja.

Mene ne tsarin fayil ɗin? Ku ɗauki babban sito irin na ƴan kasuwar hatsi, inda mutane da yawa suka ajiye buhunan gero da wake. Buhunan duk kamarsu ɗaya, ba suna a jikinsu. Abin da ke raba na wane da na wane shi ne littafin mai ajiya: buhu kaza na Alhaji wane ne, suna jeri na uku daga ƙofa, sauran biyar ɗinsa suna can ƙurya. Haka diski yake. Shi bai san hoto ba, bai san wasiƙa ba, ƙananan gurabe ne miliyoyi a jere. Tsarin fayil shi ne littafin da ke faɗin sunan kowane fayil, girmansa, da guraben da yake zaune a ciki. Formate na gaggawa, wanda ke ƙarewa cikin daƙiƙoƙi, yaga littafin ne a kawo sabo fari fat. Buhunan suna nan, amma babu mai shaidar su, kuma duk kayan da suka shigo daga baya a kansu za a jibge su.

Sauya tsarin fayil, daga wannan iri zuwa wancan, kusan kullum yana nufin wannan yagawar. Shi ya sa ba abin wasa ba ne.

Iri huɗu ne mutum zai fi cin karo da su a yankinmu. FAT32 shi ne dattijon cikinsu. Asalin danginsa tun 1977 ne, shi kansa kuma ya fito a 1996 tare da wani sabon zubin Windows 95. Kowace na'ura ta san shi, daga rediyon mota zuwa talabijin zuwa ƴar wayar maɓalli. Aibinsa shi ne ba ya karɓar fayil guda da ya kai giga 4, ko da kile USB ɗin mai giga 32 ne kuma babu komai a ciki. NTFS ya fito a 1993, shi ne na Windows na gaske. ExFAT ya zo a 2006 domin kile USB da katin memori, ya cire matsalar giga 4 ɗin. Sai ext4 na 2008, wanda Linux ke zama a kansa. Masu kwamfutar Apple suna da nasu, APFS, tun 2017, amma su ba su da yawa a nan.

To wanne za a zaɓa idan za a sake ɗora Windows? A gaskiya babu zaɓi. A zamanin Windows XP ana tambayar mutum ko FAT32 yake so ko NTFS, kuma tsofaffin masu gyara suna tuna wannan shuɗin allo. Tun daga Windows Vista da ta fito kasuwa a 2007 aka rufe wannan ƙofa: Windows ba ta zama sai a kan NTFS. In kuka danna Formater lokacin ɗorawa, NTFS za ta yi ba tare da ta tambaye ku ba. Duk wanda ya ce zai sa muku C, ɓangaren da Windows ke zaune a kai, a wani tsari daban don na'urar ta ƙara sauri, ku yi masa godiya ku ɗauki kayarku.

Kuma ko da akwai zaɓi, NTFS ɗin ne ya dace da mu, saboda wuta. Wutar Maraɗi, Tasawa da Damagaram ta daɗe tana dogaro da layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa, kuma ba a manta yadda aka sha ba lokacin da Najeriya ta katse ta a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har zuwa Maris na 2024. A garuruwa irin su Korgom, Urafan ko Kanan Bakashe kuwa, masu kwamfuta da yawa da sola ko janareta suke aiki. Ga shi kwamfutar hannu ta gwanjo batirinta yakan zo a mace, da an ɗauke wuta sai ta mutu nan take. NTFS yana da wata dabara: kafin ya canza wani abu a littafinsa, sai ya fara rubuta abin da yake niyyar yi a wani ɗan kundi na gefe. In wuta ta yanke ana tsakiyar aiki, da na'urar ta tashi sai ta duba kundin, ta ƙarasa aikin ko ta warware shi. Wannan ba zai dawo muku da shafi goman da kuka buga ba ku adana ba, amma yana hana littafin gaba ɗaya rikicewa. FAT32 da exFAT ba su da wannan kundi. Shi ya sa kile da aka fizge ana cikin kwafi ya fi saurin lalacewa.

Yanzu mu zo wurin da ake yin ɓarna. Idan aka ta da kwamfuta daga kile na Windows, ana isa wani allo da ke jera ɓangarorin diski: Lecteur 0 Partition 1, Partition 2, har zuwa huɗu ko biyar. A wannan allo babu C, babu D, sai lamba da girma, sai kuma suna in an taɓa ba ɓangaren suna. Mai gaggawa yana iya ɗaukar D, ɓangaren ajiyar kaya, a matsayin C, musamman in girmansu ya yi kusa. Abu mai sauƙi da zai hana wannan shi ne tun na'urar tana aiki ku ba D suna da zai fito fili, ku kuma rubuta girman kowane ɓangare a takarda. Ƙananan ɓangarorin da za ku gani, masu mega 100 ko 500, na Windows ne da kanta. Ɗaya daga cikinsu, wanda ake ta da na'ura daga shi a kwamfutocin zamani, FAT32 ne, kuma haka ya kamata ya kasance. Kada wani ya ce zai gyara shi zuwa NTFS.

Mutane da yawa suna cewa, "Ai kayana suna D, a share C kawai." Ku dakata. Duk abin da ke kan Bureau, da Documents, da Téléchargements, da Images, a cikin C yake, sai dai in da hannunku kuka mai da shi wani wuri. Haka kalmomin sirrin da Chrome ya riƙe muku in ba ku haɗa shi da asusun Google ba, haka ma bayanan wasu manhajojin lissafi da na kula da makin ɗalibai, waɗanda kan ɓoye ajiyarsu a C. Ɗalibin da ya shekara yana rubuta kundin kammala karatu, in kun bincika, a kan Bureau yake ajiye shi, domin can ne ido ke gani.

Akwai hanyar da ba ta share C ɗin ma. In aka zaɓi ɓangaren da tsohuwar Windows take aka danna Suivant ba tare da an taɓa Formater ba, sabuwar za ta tattara tsohuwar da kayan mai ita a wani dosiye mai suna Windows.old. Daga can sai ku kwashe abinku. Amma ku kwashe da wuri, don Windows kan share dosiyen da kanta bayan ƴan kwanaki. Wannan hanya tana ceton wanda na'urarsa ta ƙi tashi kuma ba shi da inda zai kwafe kaya. Ba ta kai sharewa tsabta ba in bairos ne ya kawo ku.

Babban ramin kuwa ba ma tsarin fayil ba ne, ko da yake kullum ana rikita su. Kafin a zo ga NTFS ko FAT32, akwai yadda aka raba diskin kansa, kuma salo biyu ne: MBR, tsoho, wanda ba ya wuce tera 2 kuma manyan ɓangarori huɗu kawai yake ɗauka, da GPT, na zamani, wanda ke tafiya da UEFI, sabon tsarin ta da na'ura. Windows 11 tana neman UEFI, saboda haka GPT. Abin da ke faruwa shi ne a zo ɗorawa sai allo ya ce ba za a iya sa Windows a wannan diski ba, don salonsa GPT ne, ko don MBR ne. Maganin da ya fi yawo a hannun yaran shago, wanda suka koya a YouTube, shi ne a danna Shift da F10, baƙin allo ya buɗe, a rubuta diskpart, a zaɓi diski, a rubuta clean, sannan convert gpt. Yana aiki kuwa, cikin minti ɗaya. Amma clean ba ya tambaya, ba ya gargaɗi, kuma ba C kaɗai yake ɗauka ba: duk ɓangarorin diskin yake shafewa, har D ɗin da aka yi muku alkawarin ba za a taɓa ba. A ganina yawancin kukan "an share mini komai" daga wannan kalma mai harafi biyar yake fitowa, ba daga mugunta ba.

Alhali sau da yawa diskin ba shi da laifi. Kile ɗin ne aka ta da shi ta hanyar da ba ta dace da diskin ba. In aka danna F9 a HP, ko F12 a Dell da Lenovo, kile ɗaya yakan fito sau biyu a jerin, ɗaya da UEFI a gabansa, ɗaya babu. A zaɓi ɗayan, saƙon ya ɓace. Ko kuma a sake haɗa kile ɗin da Rufus, manhajar da kusan kowane mai gyara ke amfani da ita, a zaɓi MBR ko GPT daidai da diskin da ke cikin na'urar. In kuma dole ne a koma GPT saboda Windows 11, tun 2017 Microsoft ta sa wani umarni mai suna mbr2gpt a cikin Windows 10 wanda ke sauya diskin da Windows take kai ba tare da share kaya ba, in ɓangarorinsa ba su wuce uku ba. Bayan ya gama sai a shiga BIOS a koma UEFI. Ko da shi ɗin ma, mai hankali ya kwafe kayansa tukuna.

Sauyi ɗaya ne tsakanin tsarin fayil da Windows ke yi salin alin, kaya na ciki: daga FAT32 zuwa NTFS. A baƙin allo ana rubuta convert E: /fs:ntfs, in E ne harafin ɓangaren. Hanya ce mai tafiya ba dawowa, don Windows ba ta da umarnin komawa FAT32 sai ta formate. Ba ya kuma aiki a kan exFAT. Akwai manhajojin wasu kamfanoni da ke alkawarin sauya kowane tsari zuwa kowane ba asara. Wani lokaci suna cikawa. Amma aikin yana ɗaukar lokaci, kuma in wuta ta yanke a tsakiya an rasa tsohon an rasa sabon. A garin da ba a da tabbacin wutar awa ɗaya, kwafe kaya zuwa wani diski, a yi formate, a dawo da su, ya fi aminci nesa ba kusa ba.

Waɗanda na'urarsu ta tsufa wa Windows 11, don tana neman TPM 2.0 da injin Intel na ƙarni na takwas zuwa sama, suna iya komawa Linux, kamar Ubuntu ko Linux Mint, kyauta ne kuma suna tafiya lafiya a kan tsohuwar kwamfuta. A nan sauyin tsarin fayil dole ne, don Linux zai mai da ɓangarensa ext4. Abu biyu za a kiyaye. Na farko, zaɓin da mai ɗorawa ke nunawa na share diski a sa Ubuntu, diskin gaba ɗaya yake nufi har da D. Na biyu, Linux yana karanta NTFS yana rubutu a kai, amma Windows ba ta gane ext4 ko kaɗan. In kuka sa mata diski mai ext4, ko dai ta ƙi nuna shi ko ta ce sai an yi formate kafin a yi amfani da shi. Mai son ajiye manhajojin biyu a na'ura ɗaya sai ya bar ɓangaren kayansa a NTFS, kowa ya iya shiga.

Wannan saƙo na "sai an yi formate" shi ne kuma ke fitowa idan littafin kile ko na diskin waje ya lalace. Amsarsa ita ce Annuler. Kayan suna nan. Akwai TestDisk da PhotoRec, manhajoji kyauta da wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier ya rubuta, akwai kuma Recuva. TestDisk yana iya dawo da ɓangaren da clean ya shafe in ba a riga an ɗora wani abu a kai ba. Sharaɗin kawai shi ne a daina rubutu a diskin nan take, abin da aka ceto kuma a zuba shi a wani wuri daban. Da tsohon diski mai juyawa ana samun sa'a sosai. Da SSD kuwa, diskin zamani mara juyawa, fata kaɗan ne, domin shi da an ce masa gurbi ya zama fanko yakan goge shi da kansa.

Inda zaɓin tsarin fayil yake hannunku da gaske shi ne kile, kati da diskin waje. Mai ɗaukar bidiyon biki ko suna, wanda fayil ɗinsa guda kan wuce giga 4, exFAT ko NTFS zai yi. Wanda zai kai kati wurin masu tura karatu, waƙoƙi da finafinan Hausa don ya sa a rediyo ko ƴar ƙaramar waya, ya tsaya a FAT32, don yawancin waɗannan na'urori shi kaɗai suka sani. Katin da bai wuce giga 32 ba da FAT32 yake zuwa daga kamfani, wanda ya fi haka da exFAT, kuma wannan ne dalilin da ya sa sabon kati mai giga 64 kan ƙi yi a rediyon da ke karɓar na giga 8. Diskin waje da za a riƙa ajiyar takardun ofis a ciki, in a Windows kaɗai za a yi amfani da shi, NTFS ya fi, saboda kundin nan na gefe. In zai riƙa zuwa kwamfutar Apple, exFAT, don Mac yana karanta NTFS amma ba ya rubutu a kai.

Akwai cututtuka biyu da sauya tsarin fayil ba ya warkarwa, ko da yake ana yawan gwada shi a kansu. Ɗaya shi ne bairos ɗin nan da ke mai da duk dosiyen kile raccourci, wanda shagunan buga takardu ke raba wa juna. Bai share komai ba, ɓoyewa ya yi. Umarnin attrib -h -r -s /s /d a kan kile ɗin yana fito da su, sannan a wanke kwamfutar da ta harba shi, in ba haka ba gobe ma sai ya dawo. Ɗayan shi ne diskin da ya gaji. Zafin bazara, ƙurar hunturu da girgizar babur a hanyar ƙauye suna cin diski mai juyawa. In yana ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe, ko kuma an yi formate wata biyu da suka wuce ga shi an sake dawowa, a duba lafiyarsa da CrystalDiskInfo. In ta nuna ruwan ɗorawa ko ja, kuɗin formate na uku gara a tara su a sayi SSD.

Sabuwar matsala kuma ita ce BitLocker. Windows 11 ta baya-bayan nan takan kulle diski da kanta idan aka shiga da asusun Microsoft, mai na'urar bai ma sani ba. In an sake ɗora Windows a C alhali D a kulle yake, D zai nemi mabuɗi mai lamba 48. Mabuɗin yakan kasance a asusun Microsoft ɗin da aka fara shiga da shi, wanda a kwamfutar gwanjo yana iya zama na wani mutum a wata ƙasa, ko na yaron shagon da ya yi ɗorawar farko. In babu lambar, babu mai gyaran da zai buɗe shi, a Maraɗi ko a Yamai. Ku duba alamar kwaɗo a jikin C da D tun na'urar tana tashi, ku fitar da lambar ku rubuta a takarda, ko ku cire kullen kafin a fara aiki.

In kun je shago, tambaya uku sun isa, kuma mai gyara na kirki ba zai ji haushi ba: "Malam, C kaɗai za ka taɓa ko diskin duka? In ta ce GPT ko MBR, me za ka yi? Ina za mu kwafe kayana kafin ka fara?" Ku tsaya a yi kwafin a gabanku, ku buɗe fayil biyu ko uku daga cikin kwafin ku ga suna buɗuwa.

Wanda kuma zai sayar da kwamfutarsa ko ya ba da ita kyauta, shi matsalarsa a juye take. A diski mai juyawa, formate na gaggawa ba ya goge hotunan iyali, takardun albashi ko sunayen marasa lafiya, kuma PhotoRec ɗin da ke ceton mai kaya shi ne zai fito da su ga mai saye. Tun daga Vista, idan aka cire alamar da ke gaban Formatage rapide, Windows tana bin kowane gurbi tana rubuta sifiri a kai. A diski mai juyawa na giga 500 aikin yana iya wuce awa ɗaya. Ga C, wanda ba a iya yi masa haka yana cikin aiki, Windows 10 da 11 suna da Réinitialiser ce PC, a zaɓi share komai, sannan a kunna zaɓin tsabtace bayanai. A fara shi lokacin da batiri yake cike, ko janareta yana da isasshen mai.